Bakin Igiyar Awo

Ran Talata suka iso Tungar Noma daga Bunza,
da farar mota, da takarda mai faɗin tabarma.
Ni aka ɗauka riƙon bakin igiyar awo,
dubu biyu a wuni, da ruwan leda.

Injiniya Hantsi ta shimfiɗa taswira bisa buhun shinkafa,
ta ɗora yatsa inda babu rubutu:
"Nan fili ne, ba kowa.
Nan za mu dasa gilasai su sha rana."

Na dubi inda yatsan ya sauka, na haɗiye magana,
ɗan ƙwadago ba ya gyara wa mai biyansa karatu.
Amma Inna Tumba ba ta cin albashin kowa.
Ta sauke ƙwaryar daddawa ta ce,
"Ɗiyata, takardarki ba ta da hanci,
da ta ji ƙanshin ɗorawa.
Goma sha ɗaya ne, na san su kamar jikokina.
Da kalwarsu na sayi maganin Ige bara."

Jabbi ya zo da sanda a wuya,
bai kalli takarda ba, ƙasa ya nuna:
kofato bisa kofato,
burtalin da ke kai shanu gulbi tun kakan kakansa.
"In kun ja shinge nan, ta ina za su bi?
Ta gonar Manu? Kun san abin da ke biyo baya."

Ta yi jim. Ta naɗe taswirar kamar mai tashi daga salla.
"To, ku shige gaba."

Muka wuce fadama, ba wanda ya tsaya,
ba a zama bisa murfin tukunyar gida.
Muka wuce makabarta da takalma a hannu.
Muka hau fakon yamma,
jar marmara, inda ko tumfafiya ta ƙi zama,
inda garma ta karye wa ubana sau biyu.
Arzika ya buga ƙafa, ƙasa ta amsa kamar ƙarfe.
"Rana ta daɗe tana cin wurin nan kyauta," in ji shi,
"to yau ta fara biyan haraji."

Gindin tsamiya aka yi sauran.
Liman na rubutawa da ajami, malamin makaranta da boko,
kada gobe wani ya ce bai ji ba.
Aro ne, ba sayarwa ba, shekara ashirin a sake zama.
A ɗaga ƙafafun gilasan
yadda tunkiya za ta shige ba ta sunkuya ba.
Ruwan da aka wanke su kada ya bi rariya,
ya gangara lambun mata, yakuwa na jira.
Matan suka ce a sa sunayensu a takardar,
ba "da sauransu" ba.

Sai Kulu ungozoma, wadda ba ta ce uffan ba tun safe:
"Na sha karɓar haihuwa da tocila a baki.
Kada wayarku ta bi ta kanmu kamar shamuwa
ta je ta sauka Birnin Kebbi.
Ta fara da ɗakin shan magani,
sannan injin casa, sannan duk inda kuka so."
Alƙalamin injiniya ya tsaya. Ya ci gaba.

Ban ga wuta ba tukuna, kada in yi ƙarya.
Turaku ne kawai da jan fenti a ka,
kuma alkawari hadarin bazara ne,
wani ya zubo, wani iska ta kwashe.

Amma da la'asar, wajen kusurwar ƙarshe,
igiya ta faɗa bisa wata 'yar ɗorawa
da ba ta kai gwiwata ba,
ta fito ta tsagar dutse, ba wanda ya shuka ta.
Na dubi injiniya. Ta dubi tsiron.
Ta ɗaga mini haɓa,
na matsa taku uku gabas, na kafa turke.